Ruwan Dilimi ya koma ja, gurbinmu ya cike da yashi: daga ina wannan laka take fitowa?

Mai Lambun Dilimi

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san sha'anin ruwa da ƙasa. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen, don ku gane inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Lambu nake yi a bakin Dilimi, ƙasa da Farin Gada idan ka nufi Naraguta. Gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, leburan kuza ne, da kasuwar kuza ta karye a 1985 sai ya rungumi fartanya, mu kuma muka taso a ciki. Latas, karas, kabeji, koren wake, su muke juyawa daga ɗaukewar ruwa har zuwa bazara.

Akwai wani gurbi a gindin falalen dutse dab da gonarmu. Muna yara, idan babban mutum ya shiga tsakiyarsa sai ya shanye shi har ya ɗaga hannu ba a gani. Nan muka koyi iyo, nan Baba yake jefa guga. Yau wannan gurbin iyakarsa gwiwata. Duk yashi ne da taɓo da ledoji. A ranin da ya wuce sau biyu ina canza farfelar injin ban-ruwa. Da makaniki ya kwance ya miƙo mini ita, bakinta ya side kamar wuƙar da aka shekara ana wasawa. Ya ce yashi ne yake cinye ta.

Ba nan kaɗai ba. Idan na ba kwami ruwa ya tsotse, sai ka ga wani jan ɓawo ya rufe fuskar ƙasar, ya bushe ya tsattsage. Irin karas ba ya iya huda shi, sai na bi da tsinke ina farfasawa. Latas kuwa lakar tana maƙalewa a cikin ganyen, dillali ya buɗe ɗaya ya gani ya rage mini kuɗi.

Wanda ya fi damuna shi ne na gida. A Rikkos muke zaune, muna da rijiya a tsakar gida. Duk shekara da an yi ruwan farko mai ƙarfi, wajen watan Afrilu ko Mayu, sai ruwan rijiyar ya koma kalar shayi da madara. Uwargida takan jefa alif a baho, ya kwanta garau, mu sha. Amma bara autarmu ta yi gudawa har sau biyu a farkon damina, na biyun sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

To, wannan laka daga ina take? Tsofaffin ramukan kuza ne har yanzu suke amayo ta, ko wani abu ne sabo? Idan alif ya kwantar da ita, ruwan ya tsarkaka ke nan? Kuma wadda ta wuce gonata, ina take ƙarewa?

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da jinyar yarinya, Allah ya ƙara mata lafiya. Na yi shekaru ina aiki a matatar ruwa kafin in ajiye, don haka bari in fara da tambayarka ta biyu, ita ce ba ta jira.

Alif ba ya kashe ƙwayar cuta. Ka riƙe wannan. Aikinsa shi ne ya harhaɗa ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ke yawo a ruwa su dunƙule, su yi nauyi, su sauka. Gaskiya ne suna sauka da ƙwayoyin cuta masu yawa da suka manne musu, amma akwai saura a ruwan da ke sama, kuma ido ba ya ganinsu. Mu a matata alif mataki ɗaya ne kawai. Bayansa ruwa zai huta a manyan kwatarniyoyin siminti, ya bi ta cikin yashin tacewa, a daidaita tsaminsa da farar ƙasa, sannan a ƙarshe a sa kulorin. Wanda ya tsaya a alif ya yi rabin aiki.

Kuma dole a bi su a jere. Idan ka zuba kulorin a ruwan da bai kwanta ba, dattin zai shanye ƙarfinsa, ƙwayar cutar kuma ta laɓe a jikin laka ta tsira. Muna auna dagulewar ruwa da ma'aunin da ake kira NTU. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya kada ya wuce 5, kuma an fi son ya sauka ƙasa da 1 kafin a sa kulorin. Ruwan da ka ce ya yi kalar shayi da madara ya yi wa wannan nisa ƙwarai. Na sha kwana a bakin aiki a watan Agusta, ana ruwa a kan duwatsu, kana tsaye kana kallon ruwan da ke shigowa yana sauya kala, sai ka ƙara alif, ka ƙara wanke yashin tacewa. Alif ɗin da muke zubawa a damina ba ya haɗuwa da na rani.

Ka gaya wa mai ɗakinka: ɗan alif kaɗan, ba dunƙule ba, don idan ya yi yawa ruwan zai yi tsami ya ɗaure baki. Ta motsa, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye na sama a hankali cikin wani mazubi mai murfi. Sannan ta tafasa wanda za a sha, ko ta sa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. In babu alif, 'ya'yan zogale busassu da aka ɓare aka daka suna yin wannan aikin, amma ruwansu ba a kwana da shi ana ajiya.

Sai kuma ka tambayi kanka: me ya sa rijiya za ta yi ja kwana ɗaya bayan ruwa? Ruwan da ya ratsa ƙasa a hankali tacacce yake isowa. In ya zo da laka, to ta wata kafa ya kutso, ko ta bakin rijiyar ko ta tsaga a jikin ginin. Kuma kafar da laka ta bi, ita ruwan kwata da na masai za su bi. Ka leƙa da tocila bayan an ɗauke ruwa, za ka ga jan zane a bangon inda yake zubowa. A ɗaga bakin rijiyar, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangare zuwa waje, a yi murfi, guga kuma a daina ajiye shi a ƙasa. An fi son masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Na san filayen Rikkos, da wuya a samu haka, shi ya sa tafasawar ta zama dole.

Direban Tifa

Malam, ni dai abin da na sani, yashin nan da kake kuka da shi mu abincinmu ne. Kullum yaranmu suna cikin rafi da shebur suna kwashe shi, kuma da an yi ruwa biyu ramin ya sake cika. Da ba ma kwashewa da tuni Dilimi ta hau gonakinku. Ni ina ganin taimakonku muke yi. Amma maganar daga ina yake, ka hau wajen Lamingo da bayan Rikkos ka ga yadda ake fasa filaye ana gini har kan dutse. Kowa ya tone harsashi ya tara jar ƙasa a bakin hanya, ruwa ya zo ya tafi da ita. Titunan unguwa da babu kwalta duk sun zama kwazazzabai. Ni da nake bin su da mota na san yadda suke cinyewa duk shekara.

Malama Mai Koyar da Labarin Ƙasa

Yaya Mai Lambu, tambayarka ta yi mini daɗi, don abin da nake fama in nuna wa ɗalibaina ke nan a allo, kai kuma kana tsaye a cikinsa.

Ka fara da kwalba. Ka samu farar roba ta ruwa, ka cika ta da ruwan rafin lokacin da ya kawo, ka girgiza ka ajiye a inda ba za a taɓa ba. Kafin ka ƙirga sittin yashi ya zauna a gindi. Bayan awa ɗaya ko biyu wata laka mai laushi kamar garin alkama za ta hau kansa. Amma ruwan zai ci gaba da zama ja-ja har kwana biyu ko fiye, wannan shi ne yumɓu, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Matsalolinka uku a kwalbar suke. Yashin ne ya cinye farfela ya cike gurbi. Ta tsakiyar ita ce take yin ɓawo a kwami. Yumɓun kuwa shi ne mai ɗaukar kaya: saboda ƙanƙantarsa yana da jiki mai yawa da abu zai manne masa, ƙwayar cuta, sinadarin taki, maganin feshi, baƙin man gareji, ƙarafa irin su dalma daga tsofaffin batura. Abin da ruwa shi kaɗai ba zai kai nesa ba, yumɓu zai goya shi ya kai.

Game da kuza, tana da hannu, ba a musu. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙa a nan, kuma yadda ake aikin shi ne a yaye ƙasar sama, a wanke ta ƙasa da ruwa don kuza mai nauyi ta zauna, sauran kuma ya bi rafi. Shekara tamanin ana haka, a Bukur, Rayfield, Barikin Ladi, da bakin Dilimi ɗin kanta. An bar tsibin ƙasa tsirara da ɗaruruwan kududdufai. An dasa itatuwan turare a wasu wuraren don su riƙe ƙasar, amma da yawa an sare. Yanzu kuma ga masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, sun dawo suna tono suna wanki. Sai dai maganar Direba gaskiya ce, kuma a ganina a ɓangarenku ita ta fi nauyi a yau. Tsohon tsibin da ciyawa ta rufe ba ya zubar da ƙasa kamar sabon harsashin gini. Ga shi Jos tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, yawancinsa da ƙarfi yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma a kan gangare. Da, ciyawa da ƙasa suna shan wani kaso. Yanzu kwano da siminti sun rufe, duk ruwan a lokaci ɗaya yake rugowa rafi. Shi kuwa ruwa, gudunsa ne ƙarfinsa: a lissafi, idan saurinsa ya ninka biyu yana iya tura dutsen da ya fi na da nauyi har sau 64. Da ya iso wuri mai faɗi ko zurfi kamar gurbinku sai ya lafa, ya sauke kayansa a nan. Kai da kake Rikkos ba sai an tuna maka daren Lahadi 22 ga Yuli 2012 ba, farkon azumi, da ruwa ya ci mutum fiye da talatin. Allah ya jiƙansu. Duk hanyar ruwan da yashi da shara suka cike, ruwa zai nemi wata.

Malam Direba, ban yarda da kai duka ba. Kwashe yashin da ya taru a tsakiya yana buɗe hanya, haka ne. Amma idan aka ci gindin gaɓa, damina na zuwa gaɓar za ta rufta da gonar mutum a kai, kuma wannan sabuwar laka ce aka ƙara wa na ƙasa.

Tambayarka ta ƙarshe ita na fi so. Tsaunin Jos kamar doron rufin ɗaki yake, ruwa yana rabuwa a kansa. Kogin Kaduna daga wajen Vom ya taso ya faɗa Neja. Gongola ta gangara gabas ta haɗu da Binuwai a Numan. Mada ta yi kudu ita ma zuwa Binuwai. Taka Dilimi kuwa arewa ta nufa, ta shiga ƙasar Bauchi, ta zama cikin ruwan kogin Jama'are, wanda yake haɗuwa da na Haɗeja a wajen Gashuwa su zama Yobe, sai Tafkin Chadi. Wato lakar gonarka ba ta ganin teku. Amma ta manomin dankali a Vom tana iya kama hanyar teku, in ta tsallake madatsar Shiroro, don kowace madatsa tarko ce: ruwa ya tsaya, yashi ya kwanta, cikin madatsar yana raguwa shekara bayan shekara.

Ni a jihar Delta na yi bautar ƙasa, wajen Burutu, kuma a nan na ga ƙarshen tafiyar da idona. Inda ruwan kogi ya gamu da na gishiri, na kogin ya fi sauƙi sai ya hau sama, na gishirin ya kutso ta ƙasa. Daga cikin kwalekwale kana ganin layin da ja ya haɗu da kore. Ƙwayoyin yumɓu a ruwan daɗi ture juna suke yi, shi ya sa ba sa kwanciya. Da sun ji gishiri sai wannan turewar ta mutu, su dunƙule su sauka. Abin da alif yake yi a bahon uwargidanka, shi gishirin teku yake yi wa kogi guda. Sannan tekun yana cika yana janyewa sau biyu a yini, yana kai lakar yana dawo da ita, saiwoyin itatuwan bakin ruwa suna kama ta. Baƙin taɓo ne mai wari, in ka taka sai ya kai cinya, amma a cikinsa jatan lande da ƙananan kifi suke girma. Kuma duk abin da ya manne wa wannan taɓon ya zauna ke nan. Shi ya sa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki malalar mai a ƙasar Ogoni a 2011 ta ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Yashin kuma shi ne yake toshe mashigar Escravos har sai an yashe kafin manyan jirage su kai Warri, kuma shi ya sa a 2009 marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Neja daga Warri zuwa Baro.

Ɗan Gashuwa

Allah ya saka, Malama. Ashe ruwan Jos muke sha ban sani ba. Mu a nan laka ba abokiyar gaba ba ce gaba ɗaya. Kakanninmu jiran ambaliya suke, ta shimfiɗa sabuwar ƙasa a fadama, a shuka shinkafa ba taki. Abin da ya ɓata mana lissafi shi ne tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Haɗeja ya daina zuwa da ƙarfi ya wanke hanyarsa ya kuma ƙafe da rani. Sai ya zama yana tafe a hankali duk shekara, laka tana kwanciya, kachalla ta samu wurin zama. Yanzu akwai hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru da ta shaƙe su, gonakin wasu sun nutse, na wasu ruwa ba ya kai musu, ga jan-baki yana kwana a cikinta ya wayi gari a kan gero. Malam Mai Lambu, ku riƙe ƙasarku a can, mu a aiko mana daidai gwargwado.

Mai Lambun Dilimi

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na yi shiru kwana uku ne don in yi abin da kuka ce.

Baba, na leƙa rijiyar da tocila bayan ruwan daren Talata. Wallahi kamar kana tsaye a wurin. Ga jan zane nan ya gangaro daga wata tsaga kamar kamu biyu ƙasa da bakin, kuma ta ɓangaren da kwatar wanke-wanke take bi. Jikina ya yi sanyi da na tuna yarinyar nan. Na riga na yi magana da birkila, ranar Asabar zai zo, za mu karkatar da kwatar mu yi daɓen. Ruwan sha kuma tun ranar ake tafasawa, gawayin ya ƙaru amma bai kai kuɗin gadon asibiti ba.

Malama, kwalbar tana kan tagar ɗakina. Yashin ya kai faɗin yatsa ɗaya, mai laushin ta ɗan fi shi, yau kwana uku kuma har yanzu ruwan bai washe ba. Yarana sai zuwa suke suna dubawa. Da na ga haka sai na gane kuskuren da nake yi da injin: bakin mesar a ƙasan gurbi nake jefa shi, a cikin yashin. Bana zan ɗaure shi a jikin jarka ya yi iyo a sama. Ina kuma tunanin in haƙa rami a gefen gona in fara zuba ruwa ya kwana, da safe in ba kwami na saman.

Akwai abin da ban faɗa ba a farko. Mu ma masu lambu muna noma har bakin ruwa, ba ma barin ko taki ɗaya. A zamanin mahaifinmu akwai gamba da jema a duk tsawon gaɓar, mu muka tumɓuke su don mu ƙara kwami biyu-uku. Kuma tokar bola da muke saye a tifa muna zubawa a madadin taki, na sha tsince fasassun batura a cikinta da hannuna. Ranar Juma'a muna da zama na masu lambun layinmu, mu goma sha ɗaya ne, zan tafi da kwalbar in ajiye a gabansu.

Malama, saura abu ɗaya. Idan za mu mayar da jema a gaɓar, faɗin taki nawa ya kamata mu bari, kuma yanzu da ƙasa take da danshi za a dasa ko sai ruwa ya ja baya? Akwai wani dattijo a wajen Babale da har yanzu yake da ita a gonarsa, ya ce in zo da buhu in cira.